Ɗalibin da ke buga wa jami'a wasa: a biya shi, ko karatu kyauta ya wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina buga wa makarantarmu ƙwallon kwando. Tun da muka ji cewa jami'o'in Amurka sun fara biyan ɗalibansu 'yan wasa, musu ya ƙi ƙarewa tsakanina da abokan wasana. Wasu sun ce haƙƙinsu ne, wasu sun ce wanda aka ba karatu da ɗaki da abinci kyauta ai an gama sallamarsa, kuma kuɗi zai raba yara da littafi. Mene ne gaskiyar abin da ke faruwa a can, kuma kai me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ra'ayina shi ne a biya su, kuma an daɗe ana cin guminsu kafin a fara. Sai dai kada ka ruga wurin abokanka kana cewa ka ci musu, domin su ma akwai inda suke da gaskiya. Abin da ke dagula wannan muhawara shi ne kuɗin goron da ake yi wa 'yan wasan jami'a baki ɗaya, alhali ba halinsu ɗaya ba.

Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka, wato NCAA, tana da ɗalibai 'yan wasa sama da 500,000 a makarantu kusan 1,100, an kasa su rukuni uku. Galibinsu ba wanda ya san da zamansu. Yarinyar da ke ninƙaya ko yaron da ke kokawa a wata ƙaramar kwaleji, iyaye da abokai ne 'yan kallonsu, makarantar ce ma ke kashe kuɗi a kansu, kuma a rukuni na uku ko tallafin karatu ba a bayarwa saboda wasa. Kuɗin yana cikin wasa biyu ne: ƙwallon Amurka, wannan mai kama da zari-ruga da ake sa hular kwano, da kuma ƙwallon kwando na maza, a manyan jami'o'i kusan 70. A kan yaran da ke waɗannan wasanni biyu ake rigimar.

Mu da muka saba ganin wasan jami'a a kan siminti, 'yan kallo na tsaitsaye a gefe, da wuya mu iya kwatanta girman abin a ranmu. Filin wasan Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, ya fi Wembley, kuma maƙil yake cika don kallon yara 'yan shekara 19 da 20. Gasar ƙwallon kwandon da ake yi duk watan Maris, tashoshin CBS da Turner sun sayi ikon nuna ta a 2010 a kan dala biliyan 10.8 na tsawon shekara 14, a 2016 suka ƙara shekara takwas a kan biliyan 8.8. Gamayyar jami'o'in da ake kira Big Ten ita kaɗai ta ƙulla cinikin talabijin na sama da dala biliyan 7 a 2022. To ina kuɗin yake tafiya? Kocin Jami'ar Georgia, Kirby Smart, albashinsa ya kai dala miliyan 13 a shekara tun 2024. Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher a 2023, ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don kawai ya tattara ya tafi. A jihohi da dama, ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa ɗaukar albashi shi ne kocin jami'ar jiha, ya ninka gwamna sau da yawa.

Dubi abin da ya faru a Fabrairun 2019. Jami'ar Duke za ta kara da babbar abokiyar hamayyarta, North Carolina, a ƙwallon kwando. Tikitin shiga ya haura dala 2,500 a hannun masu sake sayarwa, tsohon shugaban ƙasa Barack Obama na zaune a sahun gaba, kuma kowa ya zo ne don yaro ɗaya ɗan shekara 18, Zion Williamson. Ba a cika minti ɗaya da fara wasa ba, ya kafa ƙafar hagu zai juya, takalmin ya ɓarke, ƙafar ta fito waje, ya zube yana riƙe da gwiwa. Takalmin Nike ne, kuma ba shi ya zaɓi kamfanin ba, jami'ar ce ke da kwantiragi da su, dole yaranta su sa. Washegari hannun jarin Nike ya sauka a kasuwa. Wannan yaro da ɓarkewar takalminsa ta girgiza babban kamfani, a dokar wancan lokaci da zai karɓi dala 100 don ya sa hannu a kan rigar wani masoyinsa, da an dakatar da shi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Allah ya taimake shi raunin bai yi tsanani ba, ya shiga NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan kwando ta Amurka, a shekarar. Da gwiwar ta tafi gaba ɗaya, kocinsa zai ci gaba da karɓar albashinsa cif, shi kuwa sai dai a ce Allah ya ba shi lafiya.

Yanzu maganar abokanka, cewa karatu kyauta biya ne. Ban raina ta ba. A manyan jami'o'i masu zaman kansu, kuɗin makaranta da ɗaki da abinci yana haura dala 80,000 a shekara, kuma ɗaliban Amurka da yawa suna fita da bashin da za su shafe shekaru suna biya. Wanda ya fita da digiri ba bashi ya samu abu babba. Amma biya da ake kira biya, ana yin ciniki ne kafin a daidaita. A nan masu sayen ne suka haɗa kai, dukkan jami'o'in suka amince cewa ba wadda za ta ba yaro fiye da kaza, duk wadda ta ƙara a hukunta ta. Koci yana da lauya, yana da jami'o'i biyar da ke zawarcinsa, kowace na ƙara kuɗi. Yaron da ke ɗaukar bugun, farashinsa an yanke tun kafin a haife shi. Kuma a jami'ar nan dai, ɗalibin da ke aiki a laburare ana biyansa kowace awa, ɗalibar da ke karatun kiɗa da tallafi tana iya yin wasa a gari ta karɓi kuɗinta, ba wanda ya ce ta daina zama ɗaliba.

Sannan shi karatun da ake cewa an biya da shi, ana barin yaron ya yi? Dokar NCAA ta ce awa 20 a mako ne iyakar atisayen da koci zai sa. Lokacin da 'yan ƙwallon Jami'ar Northwestern suka nemi kafa ƙungiyar ƙwadago a 2014, jami'in hukumar ƙwadagon da ya saurari shaidu ya gano suna ba wasan awa 40 zuwa 50 a mako a lokacin kaka, da awa 50 zuwa 60 a sansanin horo na watan Agusta. Wannan ya wuce aikin cikakken ma'aikaci. Wanda ke da irin wannan jadawali, kwasa-kwasan da ke buƙatar zaman ɗakin gwaji da rana sun kuɓuce masa, sai a tura shi inda darasi ba zai ci karo da atisaye ba. A Jami'ar North Carolina, binciken da aka fitar a 2014 ya nuna an shafe shekara 18 ana gudanar da azuzuwan bogi, ba lacca, ba malami, takarda ɗaya za ka miƙa a ba ka maki mai kyau. Ɗalibai kusan 3,100 suka bi ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa ne da ake so makinsu ya isa su ci gaba da bugawa. Tun daga 1973 kuma, shekara da shekaru, tallafin na shekara ɗai-ɗai ne, koci na iya ƙin sabunta shi idan ya sami wanda ya fi ka. A 2014 ɗin nan dai, Shabazz Napier, tauraron Jami'ar Connecticut da ta ci kofin ƙasa, ya gaya wa 'yan jarida cewa akwai daren da yake kwana da yunwa. 'Yan kwanaki bayan haka aka cire iyakar abincin da makaranta za ta iya ba 'yan wasanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne asalin dokar. An kafa hukumar ce a 1906 don kare rayukan yara, bayan da 'yan wasa 18 suka mutu a ƙwallon Amurka a 1905 har Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki. Amma nacewa da aka yi daga baya, cewa ɗan wasa ɗalibi ne zalla, ba shi da alaƙar aiki da makaranta, tsoron biyan diyya ne ya haife ta. A 1953 kotu a jihar Colorado ta ba wani ɗan wasan Jami'ar Denver da ya ji rauni diyyar ma'aikata. Hankalin jami'o'i ya tashi. Walter Byers, wanda ya jagoranci NCAA sama da shekara 30 daga 1951, ya sa aka tsara kalmomi da takardu yadda ba inda za a ga alamar aiki ko albashi. Dabarar ta ci. A 1955 Ray Dennison, tsohon soja mai 'ya'ya uku, ya bugu a ka yana buga wa kwalejin Fort Lewis wasa, ya mutu. Matarsa ta nemi diyyar da ake ba iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki, Kotun Ƙolin jihar ta hana ta a 1957, ta ce ai kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A 1974 Kent Waldrep na jami'ar TCU ya karye a wuya a wasansu da Alabama, ya shanye, bai ƙara takawa ba. Kafin shekara ta zagayo jami'ar ta daina biyan kuɗin asibitinsa. Ya yi ta shari'a har 2000, kotun ɗaukaka ƙara a Texas ta ce shi ba ma'aikaci ba ne. Shi kansa Byers, bayan ya yi ritaya, ya fito ya la'anci tsarin da ya gina. Duk wanda zai ce maka dokar hana biya an yi ta ne don kare martabar ilimi, ka tambaye shi ko ya san labarin matar Dennison.

Wani zai ce ai ba dole aka yi wa yaron ba, in kuɗi yake so ya tafi wasan ƙwararru. Wannan a ƙwallon ƙafa irin tamu ne yake yiwuwa. Ahmed Musa ya ci ƙwallayensa a Kano Pillars, yana cika shekara 18 ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010, ba wanda ya ce sai ya fara buga wa wata jami'a kyauta. A Amurka ƙofar a rufe take. NFL, gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ba ta ɗaukar yaro sai ya shekara uku da gama sakandare. NBA tana son ɗan shekara 19 da ya shekara ɗaya da gamawa, ko da yake a kwando akwai 'yan hanyoyin fita zuwa ƙetare. A ƙwallon Amurka kuwa jami'a ce kaɗai hanyar da ake bi, ita ce makarantar renon 'yan wasa da NFL ba ta kashe ko sisi a kanta. Kuma a cikin 100, waɗanda ke kaiwa wasan ƙwararru ba su cika biyu ba. Ga sauran, waɗannan shekaru uku ko huɗu su ne kaɗai lokacin da jikinsu ke kawo kuɗi a rayuwarsu, kuma a lokacin ne aka ce haramun ne su taɓa ko kwabo. Da yawansu baƙaƙen fata ne daga gidajen da ba su da hali, masu cin riba kuwa galibi ba daga nan suka fito ba.

Haramcin ma bai taɓa hana kuɗi yawo ba, ƙarƙashin ƙasa kawai ya tura shi. A 1987 an soke kakar wasan jami'ar SMU gaba ɗaya saboda masu kuɗi na biyan yara a ɓoye, kuma Bill Clements, wanda yake gwamnan Texas a lokacin, ya amsa cewa da saninsa aka ci gaba da biyan sa'ad da yake shugaban majalisar gudanarwar jami'ar. A 2010 aka dakatar da 'yan wasan Ohio State biyar saboda sun sayar da zobba da riguna, kayansu na kansu da suka ci da guminsu. Reggie Bush ya mayar da kyautar Heisman ta gwarzon shekara da ya ci a 2005 saboda abin da wasu dillalai suka ba shi da iyalinsa, sai a 2024 aka dawo masa da ita. A 2017 hukumar FBI ta kama mataimakan koci huɗu da wani jami'in Adidas kan biyan iyalan yara a asirce. A irin wannan harka ta bayan fage, yaro ne ke kwana a ciki, domin in an cuce shi ba shi da inda zai kai ƙara, in asiri ya tonu kuma shi ake fara kora.

Kotu ce ta rusa ginin, bulo bayan bulo. Ed O'Bannon, wanda ya ci wa jami'ar UCLA kofin kwando a 1995, yana sana'ar sayar da motoci sai ya ga kansa a wasan bidiyo na kamfanin EA Sports a gidan wani abokinsa: sanƙon kansa, hannun hagun da yake jefa ƙwallo da shi, lambarsa 31, komai nasa ne in ban da suna, kuma ba wanda ya nemi izininsa. Ya shigar da ƙara a 2009, Mai Shari'a Claudia Wilken ta ba shi gaskiya a 2014. A 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta halatta wa ɗalibi ya ci moriyar sunansa da hotonsa, wasu jihohi suka bi sahu. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara, ba wanda ya saɓa, suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston. Hukuncin kansa ƙarami ne, ya tsaya a kan kayan da suka shafi karatu, amma Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya ƙara da bayanin da ya razana jami'o'i. Ya ce irin wannan tsari a kusan kowace sana'a a Amurka saɓa doka ne ƙarara, ya ba da misali da gidajen abinci, cewa ba za su haɗa kai su rage albashin masu dafuwa ba da hujjar wai masu ciniki sun fi son abincin kuku mai ƙaramin albashi. Daga 1 ga Yulin 2021 aka ƙyale ɗalibai su yi talla su karɓi kuɗi, abin da ake kira NIL.

Ka bambanta abu biyu a nan, domin ana yawan cakuɗa su. Kuɗin NIL daga waje yake zuwa, kamfani ko ɗan kasuwa ne ke biyan yaro don sunansa. Ban ga hujjar hana wannan ga kowane ɗalibi a kowace ƙasa ba, kuma mata sun ci moriyarsa ƙwarai, irin su 'yar kwando Caitlin Clark ta Jami'ar Iowa, wadda wasanta na ƙarshe a 2024 mutum sama da miliyan 18 suka kalla, fiye da na maza. Na biyun shi ne jami'a ta ciro daga aljihunta ta biya. Wannan ya fara ne bayan sulhun shari'ar House, wanda Wilken ɗin dai ta amince da shi a watan Yunin 2025: za a biya diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10 ga waɗanda suka yi wasa tun daga 2016, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan ne labarin da kuka ji. Ta fuskar ko a biya ko kada a biya, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Inda masu adawa suke da ƙwaƙƙwarar hujja shi ne batun sauran wasanni. Alƙaluman NCAA na 2019 sun nuna sassan wasanni 25 ne kacal a manyan jami'o'in suka samu fiye da abin da suka kashe. Rarar ƙwallon Amurka ce ke ciyar da masu ninƙaya da masu guje-guje da masu kokawa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na tawagar Amurka a gasar Olamfik ta Paris a 2024 ta jami'o'i suka bi. Akwai kuma dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda ta wajabta daidaito tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati. A rabon diyyar House kusan kashi 75 cikin 100 na 'yan ƙwallon Amurka ne, kashi 15 na kwandon maza, abin da ya rage mata da kowa da kowa su raba, shi ya sa wasu mata 'yan wasa suka ɗaukaka ƙara. Tsoron cewa za a rufe ƙananan wasanni ba shaci-faɗi ba ne. Jami'ar Stanford, da duk arzikinta, ta sanar da soke wasanni 11 a 2020, sai da aka yi mata ca ta janye a 2021.

Amma ina da ja a kan kukan talaucin. Sashen wasanni na jami'a ba shi da masu hannun jarin da zai raba wa riba, don haka duk abin da ya shigo sai an nemo inda za a kashe shi kafin shekara ta ƙare. Da yake an haramta ba yara, sai ya tafi albashin koci da mataimakansa barkatai da gine-ginen ƙawa masu ɗakin aski da wurin wasan bidiyo don jan hankalin sabbin yara. Wanda ya iya biyan miliyan 75 don sallamar mutum ɗaya bai isa ya ce ba shi da kuɗi ba. In jami'a ta yarda ninƙaya da kokawa na da amfani ga tarbiyya, ni ma na yarda, to ta biya daga kasafinta kamar yadda take biyan sashen tarihi, ko ta rage na koci. Ba adalci ba ne a ce yaron da ke haɗa kai da ƙato mai nauyin kilo 140 duk Asabar shi kaɗai zai ɗauki nauyin wasannin kowa da lafiyar jikinsa.

Duk da haka ban gamsu da inda aka tsaya ba, kuma a nan ne ainihin matsayina yake. An fara ba da kuɗi, amma har yanzu an ƙi a kira abin aiki. Rufin miliyan 20.5 ɗin ya yi daidai da kusan kashi 22 cikin 100 na matsakaicin kuɗin shigar manyan jami'o'i. A NFL da NBA 'yan wasa na ɗaukar kusan rabi, kuma ƙungiyoyinsu na ƙwadago ne suka zauna suka yi cinikin. A nan lauyoyi ne suka yanke, yaran da ke sakandare yau ba su da wakili a zaman. 'Yan kwandon kwalejin Dartmouth sun kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago a Maris ɗin 2024, 13 suka amince biyu suka ƙi, amma kafin shekarar ta ƙare suka janye. Rashin tsayayyen tsari shi ke haifar da rikicin da ake ɗora wa yara laifinsa. A Satumbar 2024 Matthew Sluka ya bar ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar UNLV bayan ta ci wasa uku a jere, wakilinsa ya ce wani mataimakin koci ya yi masa alkawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba, jami'ar ta ce ba ta san da wani alkawari a hukumance ba. Da akwai takarda da sa hannu, da ba a yi wannan ba. Ana zargin yara da sauya makaranta kowace shekara don kuɗi, alhali koci ya daɗe yana barin ƙungiya a tsakiyar kwantiragi. Kuma jami'o'in da ke kukan kuɗi zai hana karatu, su ne suka wargaza gamayyar Pac-12 saboda cinikin talabijin, har ɗalibi daga Los Angeles yake tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey don wasa ɗaya a tsakiyar zangon karatu.

Abin da nake so a gani shi ne kwantiragi a rubuce da ke ɗaure ɓangarorin biyu, da bakin magana na bai-ɗaya ga 'yan wasan, da kula da lafiya mai dogon zango. Tun 2024 akwai inshorar shekara biyu bayan gama wasa, da tallafin komawa a ƙarasa digiri, kuma ci gaba ne. Sai dai ciwon gwiwa da lahanin ƙwaƙwalwa da yawan buguwar kai ke jawowa ba sa bayyana cikin shekara biyu, sai mutum ya kai 40 ko 50 suke kama shi. Ga yaron da ba tauraro ba, wannan kariya ta fi masa 'yan dubban da za a ba shi yau.

Akwai ɓangaren da ya shafe ku kai tsaye, tunda na san cikinku ba a rasa mai mafarkin tafiya. Hanyar tsohuwa ce. Hakeem Olajuwon daga Legas ya tafi Jami'ar Houston, aka ɗauke shi na farko a NBA a 1984. Tobi Amusan ta bi ta jami'ar UTEP kafin ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, ya yi kwando a wata ƙaramar kwaleji a North Dakota, bai taɓa buga NBA ba, amma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Sai dai ɗalibin ƙetare yana shiga ne da bizar karatu, F-1, wadda ta taƙaita aikin da zai iya yi a cikin Amurka ƙwarai. Abokin wasanka Ba'amurke zai yi talla ya karɓi kuɗi, kai in ka yi ba tare da shawarar lauya da ofishin ɗaliban ƙetare ba, bizarka na iya tafiya. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, gwarzon kwandon jami'o'i na 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je Bahamas ya yi ayyukan tallansa a can, a wajen ƙasar. Don haka duk dillalin da ya zo maka da labarin miliyoyi, yana neman ka fara biyansa ko ka sa hannu a kan wani kaso na abin da za ka samu nan gaba, ka kai takardar wurin lauya tukuna. Abin tambaya shi ne tallafin na shekara nawa ne, ya ƙunshi ɗaki da abinci da inshora, kuma me zai faru da shi in ka ji rauni.

A gida kuwa maganar daban take. Gasar NUGA, wato wasannin jami'o'in Najeriya, tun 1966 ake yin ta, amma ba tashar da ke zuba biliyoyi don nuna ta, ba tikitin da ake rububi, ba kocin da ke azurta kansa da guminku. Neman albashi a nan neman abin da babu ne, kuma ba zan ba ku shawarar ku ɓata ƙarfinku a kai ba. Abin da kuke bi bashi ya fi wannan sauƙi, kuma jami'a na iya biya: wa zai ɗauki kuɗin asibiti in ɗayanku ya karye yana sanye da rigar makaranta, ko in mota ta yi haɗari a hanyar zuwa gasa, alawus ɗin sansani da na tafiya nawa ne kuma yaushe zai shiga hannu, gwajin da ya wuce ku kuna wakiltar makaranta wa zai rubuta wa malamin a sake muku, in wani kamfani ya ɗauki nauyin gasa ya sa hotonku a allon talla, da izinin wa. Ku rubuta waɗannan a takarda ɗaya, kyaftin ya sa hannu a madadinku, ku kai wa daraktan wasanni da kwafi ga shugaban sashen harkokin ɗalibai, kuma ku nemi amsar a rubuce kafin ranar da motar za ta tashi.